Zaman Makoki a Ƙofar Shagon Habu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma a gidan da ake da injiniya da 'ya'yan injiniya, mutum irina in ya ce zai rubuta tarihinsa sai ya ji kamar rigar aro ya sa. Ina kuma tsoron in rubuta abin da ba daidai ba a kan mamaci, in je in tarar da shi gobe kiyama yana jirana. Na tambayi limamin unguwarmu ko akwai laifi, ya ce babu. Bayan la'asar na koma na tambaye shi ko ya fahimci tambayar sosai, ya ce ya fahimta, in yi wa Allah in bar shi ya tafi gida. Abin da ya sa na daure shi ne yadda nake jin ku, 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena, kuna ba da labarin shekarar da aka buɗe shago, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa, kuma duk a kaina gishirin yake ƙarewa. To ga yadda abin ya kasance.

Kakanmu fatauci ya kawo shi Potiskum daga Kano, ya zauna. Mahaifinmu Alhaji ya gaji cinikin hatsi, yana da shago a bakin babban titi. Ni ne ɗan fari, saboda haka Alhaji ba ya kiran sunana, "kai wannan" yake ce mini tun ina yaro har na yi furfura. Ina gama firamare ya zaunar da ni a shago ina auna gero da wake. Ƙanena Habu kuwa Allah ya ba shi kan karatu. Ya zama injiniyan lantarki, ya kama aikin gwamnati a Maiduguri, da aka ƙirƙiro mana jiha aka mai da shi Damaturu, ga gida, ga mota 'yar ƙarama. Ko mudu ɗaya mutum ya zo saya sai Alhaji ya nemi hanyar da zai shigo da maganar Injiniya. A can ofishinsu ne aka kawo kwamfuta aka kulle ta a ɗaki, manya suna tsoron kada ta lalace a hannunsu. Habu ya roƙi makulli, in an tashi aiki ya zauna da littafinta yana taɓe-taɓe, har ta saba da shi. Ni dai tun lokacin da ya fara ba mu labarinta da irin muryar da saurayi yake maganar budurwa, gabana ya fara faɗuwa.

Wata Juma'a ya zo gida, muna cin abinci a zaure, ya ce ya ajiye aiki. Lomar Alhaji ta tsaya tsakanin kwano da baki.

"Korarka aka yi?"

"A'a Baba, ni na ajiye."

"Sata ka yi?"

"Wallahi ban yi ba."

"Da ma satar ka yi, da na san abin da zan gaya wa mutane."

Habu ya shiga bayani. Ya ce zai sayo kwamfutarsa ta kansa, ya riƙa buga wa mutane takardu da katin biki, ya koya wa matasa, ya ce nan gaba babu ofishin da zai yi aiki ba tare da ita ba. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya wanke hannu.

"Wato akawun bakin kotu. Na ƙare ƙuruciyata ina shaƙar ƙaiƙayin gero don ka dawo ka ƙwace wa masu tafireta abincinsu."

Inna, mahaifiyarmu, ita ta yi ta bin Alhaji da magana a cikin gida har ya sauko, amma saukowar ta tsaya a rabi. Ya kira mu ya yanke hukunci, yana kallon bango.

"Kai wannan, kwashe buhunan nan ka kai sito. Na ba shi aron shagon zuwa Babbar Sallah. In sallah ta zo ban ga abin da ya gamsar da ni ba, gero ya koma mazauninsa, shi kuma ya ɗauki hularsa ya je Damaturu ya durƙusa wa manyansa su mai da shi. Kuma ƙafata ba za ta taka wurin ba."

Babu wanda ya tambaye ni ra'ayina, ni da na girma a cikin shagon. Matata Lami ce kawai ta dube ni ta ce, "To Malam, kai yanzu mene ne aikinka?" Habu ya ba ni aikin ƙofa. Ya toshe tagogi, ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya sa labule, ya kafa iyakwandishan. Da kayan suka iso daga Legas a kwali, ya jera su a kan dogon tebur, kwamfutar da firinta da sauran tarkacenta. Ya ce a riƙa rufe su in ba a aiki, na je na yanko farin yadi mai tsawo wanda zai lulluɓe teburin gaba ɗaya, don kada wani gefe ya ce an yi masa rowa. Sannan ya gaya mini dokokin wurin: a cire takalmi, kada a kawo ruwa ko shayi kusa, kada a yi hayaniya. Sau ɗaya ya faɗe su ya manta. Ni ban manta ba. Kuna cewa ni na riƙa korar masu ciniki, wannan ba gaskiya ba ne. Mutum ɗaya na taɓa mayarwa ya wanko ƙafa, shi ma daga kasuwar shanu ya fito, kuma duk wanda ya ga ƙafar nan zai ba ni gaskiya.

Masu cinikin ma ina suke? Wanda yake da takarda ya saba da mai tafiretarsa, wanda zai yi biki ya saba aikawa Kano. Abin da muka samu shi ne dattawan unguwa. Bazara ce, zafin Potiskum kuwa kun san shi, sai labari ya bazu cewa a shagon Alhaji akwai ɗakin da ake jin sanyi kamar cikin randa. Malam Buba mai goro, abokin Alhaji tun suna yara, shi ya fara zuwa, kashegari ya zo da mutum uku. Su tuɓe takalma, su jeru a jikin bango, su zuba wa gilashin kwamfutar ido. Na hore su da yin shiru har in ɗayansu zai yi tari sai ya fita waje. Wata rana Malam Buba ya matso ya raɗa mini, "Wai sai yaushe take fara labaran duniya?" Na kai ƙararsu wurin Habu, ya yi dariya ya ce, "Bar su, Yaya, talla ce." Ni ban ga abin dariya ba. Raguna sun fara cika kasuwa, sallah tana matsowa, kullum da safe Alhaji yana tambayar Inna, ba mu ba, ko ɓeraye sun fara taɓa geron da ke sito.

Ana cikin haka taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka ce gyara sai abin da Allah ya yi. Habu ya sayar da motarsa, ya ce zai je Kano ya sayo janareto. Ranar Talata da sassafe na raka shi tasha. Na ce kada ya zauna a gaba, in aka yi karo na gaba ake fara samu. Na ce kada ya zauna a baya, tireloli ba su da birki.

"To Yaya, a kan rufi zan zauna?"

Ya ce gobe Laraba da hantsi yana gida. Na tsaya har motar ta ɓace, ban ji daɗin ƙarar injinta ba.

Laraba ita ce ranar kasuwa. Hantsi ya yi, babu Habu. Ɗakin kwamfuta, da babu wuta kuma babu taga, ya koma tanda. Dattawana suka zo kamar kullum, na ga ba zan iya korar sa'o'in mahaifina ba, sai na shimfiɗa musu tabarmi a waje ƙarƙashin rumfa, na ajiye buta da kwanon ruwa, na janyo ƙofar shago na bar ta a ɗan buɗe don iska ta samu na'ura. Suka tuɓe takalma a bakin tabarma suka zauna, shiru, yadda na koya musu. Ni ma na zauna a tsakiya da carbi, idona ja saboda ban runtsa ba, duk motar da ta taho daga wajen Kano sai na ɗaga kai. Ku tuna kuma a makon nan ciwon ƙafa ya kwantar da Alhaji, ba a ganinsa ko a masallaci. Yanzu da nake rubutawa ina ganin abin da mai wucewa ya gani: shagon ɗan kasuwa a rufe ranar kasuwa, tabarmi a waje, takalma a jere, dattawa sun yi jugum, babban ɗa a tsakiya da jan ido. A lokacin ban ga komai ba sai titi.

Sai ga wani dogon mutum, da malfa da sanda, irin masu rako shanu, ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne. Ya tsaya ya dube mu. Ya tuɓe takalmansa, ya jingine sanda, ya durƙusa a gabana, ya ɗaga hannu, da Hausarsa ta Fulani.

"A yi wa Annabi salati."

To wane Musulmi ne za a ce ya yi salati ya ƙi? Muka yi. Ya ce ƙulhuwallahu ƙafa uku, muka karanta. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya ba mu haƙurin rashi. Muka shafa. Ban taɓa katse addu'a ba a rayuwata, kuma ban ga ranar farawa ba. Na buɗe baki zan tambaye shi, sai wani tunani ya sauko mini kamar buhu. Masu shanu su ne suke fara jin labarin hanya, tirelolinsu ba sa barin titin Kano. Mutumin nan bai san ni ba, me ya kawo shi wurina kai tsaye? Ya ga motar ke nan. An kwatanta masa shago. Ya zo ya faɗa mini ta hanyar da ta dace, ba ya son ya jefe ni da sunan. Hawaye suka zubo mini. Malam Buba ya ga hawayen, ya dafa gwiwata.

"Ashe abin da ya faru ke nan, ka bar mu muna zaune ba ka faɗa ba? Tun muna yara muke tare da shi."

Na ji maganar, amma ban tsaya na auna cewa Malam Buba ya girmi Habu da shekaru masu yawa ba. Wanda yake kuka ba ya lissafi. A wurin makoki kuma ba a tambayar wa ya rasu, kunya ce a ce ka zo ba ka sani ba. Kowa ya zo ya tarar ana shafa fatiha sai ya tuɓe takalmi. Kafin azahar tabarmi sun kasa, maƙwabta suka fito da nasu. 'Yan hatsi suka rufe rumfunansu suka zo a ayari. Aka fara shigo da kwanukan abinci daga gidaje. Wani ya leƙa ta ƙofar shago ya hango dogon abu a kan tebur lulluɓe da farin yadi, ya ja da baya yana salati, ya gaya wa na kusa da shi an riga an yi sutura. Ni ina tsakiya, ana "ya haƙuri", ina "Allah ya ba da lada", ina tunanin yadda zan shiga in dubi idon Inna.

Abin da ya faru a gida Lami ce ta ba ni labari daga baya. Wata maƙwabciya ta shiga tana kuka, ta faɗa jikin Inna tana cewa sai haƙuri, maza sun riga sun zauna a shago. Alhaji yana kwance a ɗakinsa yana ji. Ya ce shi dai ya san bai mutu ba, an kuma ce babban ɗansa ne yake karɓar gaisuwa, to saura wa? Mutumin da aka kwana biyu ana kai masa buta bakin gado ya miƙe ya fita, babu hula, babu takalmi, daga shi sai 'yar shara.

A daidai lokacin Malam Buba yana ba jama'a tarihin mamaci. Yana cewa mutum ne mai zumunci, mai riƙon amana, ko da yake a wajen cika mudu hannunsa yakan ɗan yi nauyi, Allah dai ya yafe masa. Sai na ga mutanen gefen titi suna tashi, tashin ya bi layi har ya iso tabarmarmu. Wasu suka bar takalmansu. Malam Buba ya juya, ya ga abokinsa tsaye a kansa, ya ce "la'ilaha" ya kasa ƙarasawa. Alhaji bai dubi kowa ba sai ni.

"Adamu."

Ran nan na fara jin sunana a bakinsa, kuma daga ran nan ban sake ji ba.

"A ina motar ta faɗi?"

"Ban sani ba, Baba."

"Wa ya kawo labarin?"

Na duba inda mai malfa ya zauna, babu shi, babu sandarsa.

"Ina aka sa shi?"

Wani ya nuna ƙofar shago da hannu. Alhaji ya tura ƙofar ya shiga wurin da ya ce ƙafarsa ba za ta taka ba. Allah ya yafe mini, ko a wannan hali sai da na dubi ƙafafun nasa, duk ƙasa. Na bi shi. Ya tsaya a gaban teburin, leɓensa yana motsi, ya kama bakin yadin a hankali ya ɗaga. Gilashin kwamfuta ya dube shi, ya dubi gilashin. Ya ƙara ɗagawa, ga firinta. Sai ya juyo gare ni.

"Wannan ce ta mutu?"

A lokacin ne muka ji ihu a waje. Habu ne. Motarsu ta lalace a hanya suka makara, ya sauka a tasha ya ɗauki mai amalanke da janareto, yana tafe yana shan rake. Ya hango tabarmi da taro a ƙofar shagonsa, ya tuna ya bar Alhaji a kwance, ya yar da raken ya taho a guje yana kiran Baba. Ya faɗo cikin shago da takalmansa, ya yi karo da Baban a tsaye riƙe da farin yadi. Alhaji ya kama kansa da hannu biyu yana shafa fuskarsa kamar makaho, Habu yana shafa kafaɗun Alhaji, kowa yana son ya tabbatar. Ni na zauna a kan leda.

Da numfashi ya dawo, Alhaji ya zauna a kujerar Habu, ya aika aka kawo masa hula. Sai da ya sa ta ya daidaita sannan ya yi magana.

"A hanya, wajen famfon unguwa, na yi wa Allah alkawari. Na ce in ya dawo mini da yaron nan da rai, ko tallan toka ya ce zai yi a shagon nan ba zan hana shi ba." Ya dubi Habu sama da ƙasa, ga ruwan rake a gaban rigarsa. "Da na san kana tafe kana shan rake da ban yi ba. Amma na riga na yi. Shago naka ne."

"Na gode, Baba."

"Ba ni za ka gode wa ba, ni ban so ba."

Abinci ya riga ya zo, ba a mayar da abincin makoki, sai aka zauna aka ci. Waɗanda suka gudu suka dawo neman takalma suka tarar ana raba shinkafa. Habu ya ga taron da bai taɓa samu ba, ya tayar da janareto, ya ɗage labule, ya buga sunan Malam Buba da manyan baƙaƙe ya miƙa masa takardar da ɗuminta. Nan take 'yan hatsi suka ce a buga musu sunan ƙungiyarsu, wani ya tuna yana da bikin 'ya bayan sallah. Ba zan ce daga ranar arziki ya sauko ba, an sha wuya shekara da shekaru kafin a fara koyar da ɗalibai, kafin kamfanin da kuka tashi kuka gani. Amma daga ranar babu wanda bai san shagon ba, ko baƙo ya tambaya sai a ce masa, wurin da Alhaji ya tashi.

Kowa ya biya nasa. Habu ya rasa fansho da motarsa, ya daɗe yana yawo a ƙasa. Malam Buba ya shekara yana rantsuwa cewa ba mudun Alhaji yake nufi ba. Alhaji kuwa ya riƙe sunayen waɗanda suna gari ba su zo gaisuwarsa ba, akwai wanda bai sake yi wa ragi ba har abada, kuma in an tambaye shi aikin Habu sai ya ce Injiniya yana hutu. Ni ban sake komawa awon gero ba, sana'ar da ita kaɗai na iya. Har yau in na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida sai wani maƙwabci ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. Mai malfar nan ya tashi kafin Alhaji ya iso, bai ga ƙarshen abin ba. Ya tafi garinsu da yaƙinin cewa an yi rashi a gidanmu, wataƙila ya gaya wa wasu, wataƙila ya ci gaba da sa mamacin a addu'a. Na neme shi a kasuwar shanu Laraba bayan Laraba, na tambaya har garin Nangere, ban samu wanda ya san shi ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya san wani dogon Bafulatani mai guntun yatsa a hagu da yake rako shanu Potiskum a waɗancan shekaru, ko ya san 'ya'yansa, ya taimaka ya sanar da iyalina. A gaya masa ran nan babu wanda ya mutu. In kuma yana da rai yana da ƙafa, ya zo, Alhaji ya rasu daga baya, gaisuwar tasa yanzu tana da mai ita.